Mushe Sallaou da Uwar Ƙullun Zuliha

Duk wanda ya zauna a unguwar Gurda ta birnin Sabha a shekarun da Libiya ta buɗe ƙofa ga 'yan Afirka ya san Mushe Sallaou, in bai san shi da suna ba ya san shi da gani: dogo, siriri, mai tabarau, jakar fata a hammata, yana tafe yana leƙa tarin shirgin da masu gyaran firigo ke zubarwa a bayan shagunansu. Ni Rabe direba, gida ɗaya muka yi haya da shi, ƙofarsa na kallon tawa, kuma a taksina yake zuwa aiki. Abin da zan faɗa ko na gani da idona ko na ji daga bakinsa, don shi mutum ne da magana ba ta kwana a cikinsa.

Mutumin Tasawa ne. Ya karanta ilimin halittu a Yamai, aka tura shi koyarwa a wata lakwal ta ƙauye inda albashi ke zuwa in ya ga dama, daga nan ne sunan Mushe, yadda ake kiran malamin makaranta a can da Faransanci, ya bi shi. Da aka fara jin rediyo na cewa Afirka gida ɗaya ce, kowa ya zo, sai ya naɗe takardun shaidarsa a leda, ya ɗaure a ƙirji, ya hau kamiyo, wato babbar motar kaya, daga Agadas. A lissafinsa, yana sauka Sabha za a miƙo masa alli a nuna masa aji. Abin da aka miƙo masa shi ne bokitin siminti. Ya yi kusan shekara yana bin wani mai shimfiɗa tayil a unguwar Hajara, kuma bai taɓa iya aikin ba, domin maimakon ya kwaɓa simintin sai ya tsaya yana yi wa maigidansa bayanin dalilin da ya sa siminti ke daskarewa.

Wanda ya cece shi shi ne mai gidan da muke haya, Haj Salah, wani dattijo Balibiye da ya tsufa yana fatauci tsakanin Sabha da Agadas. Yana jin Hausa irin ta kasuwa, wadda mace da namiji duk “kai” ne a cikinta. Shi ya kai Sallaou wata cibiyar koyar da aikin gona da ke bayan gari, aka ɗauke shi wankin kwalaben labo, wato ɗakin gwaje-gwaje. Daga wankin kwalabe ya koma jera wa ɗalibai kayan gwaji, daga nan ya zama shi ke yi musu bayani in malami ya makara, kuma malamin yakan makara. Ya koyi Larabci da ƙarfin tsiya, ya yi digiri na biyu yana aiki, har aka wayi gari ɗalibai na ce masa Ustaz. Mu dai a unguwa Mushe muke cewa.

A labon nan akwai wata na'ura da aka sayo daga Turai, mai tsada, wadda aikinta shi ne ta yawaita DNA. Yadda ya fahimtar da ni, DNA rubutu ne da ke cikin kowace halitta, shi ke sa ɗan akuya ya fito akuya ba tunkiya ba. Na'urar ta yi aiki 'yan watanni ta tsaya. Sallaou ya ɗauko sukuddireba zai buɗe ta, mudir, wato shugaban cibiyar, ya riƙe masa hannu, ya ce kamfanin ya rubuta cewa injiniyansu kaɗai ke da izinin buɗewa. Aka aika wa injiniya. Injiniya bai zo ba. Aka lulluɓe ta da ƙyalle mai fure, ta zama wurin ajiye tiren shayi. Sallaou ya ce mini duk safiyar da ya ga kofuna a kanta sai ya ji kamar an ɗaure doki ana shanya tufafi a bayansa. Tun daga lokacin ya ɗauki aƙidar da ta zama rayuwarsa: duk kayan aikin da ba za ka iya kwance shi ka gyara ba, ba naka ba ne, kuma duk abin da ka sani ka ɓoye, asara ce.

A wani shagon intanet da ke kusa da kasuwa ya gano cewa ba shi kaɗai ke da wannan ciwon ba. Akwai masana a ƙasashe daban-daban da suka fara wani sabon fanni na harhaɗa halitta, suna yanko guntun rubutun nan daga wannan halitta su dasa a waccan don ta yi wani aikin da ba ta saba ba, kuma wasunsu kyauta suke rarraba guntayen. Ya kwashe hanya tun daga Gurda har cibiya yana yi mini bayani. Da na ce ashe kamar a ɗauko kafireton Fijo a ɗaura wa Toyota ne, sai ya ce ba haka ba ne, amma ya fi bayanin da shi ya yi.

Burinsa shi ne ya harhaɗa yis, irin wanda ke kumbura burodi, wanda in aka ɗiga masa ruwan rijiya mara kyau zai koma ja. Ya ce manomi ba ya buƙatar labo, idonsa ya ishe shi. Sai dai shi kansa yana buƙatar labo, kuma wanda yake da shi rabinsa a lulluɓe yake.

A wannan tsakanin ne ya samu takardar zama, ya aika aka taho masa da matarsa Zuliha da 'yarsu Ihsan. Zuliha gajeriya ce, mai ƙarancin magana, irin matan da in sun ce “to” sai ka tsaya ka auna wace irin “to” ce. Ta ƙetaro Sahara da wata kwalba naɗe cikin jiƙaƙƙen zane, tana ba ta garin gero a hanya kamar mai renon jinjiri. A cikin kwalbar akwai abin da take kira uwar ƙullu, wato ragowar ƙullun masa da ake zubawa a sabo don ya tashi, a kuma rage wani don gobe. Ta gaje ta daga mahaifiyarta, ita ma daga tata. Ba ta yi wata guda ba ta kafa tanda a ƙofar gida. Kafin a jima magina da leburori, 'yan Nijar da 'yan Najeriya da 'yan Cadi, suna layi da sassafe, har Larabawa kan tsayar da mota su aiko a sayo. Masar tana da taushi da wani ɗan tsami da ba ka samu a ko'ina cikin Sabha.

A layin bayanmu akwai Saratou, mutuniyar Birnin Ƙonni, ita ma mai masa. Da yis ɗin shago take yi, masarta in ta huce sai ka nemi ruwa kafin ta wuce. Ta yi duk dabarar da mace kan yi: ta kawo wa Zuliha turare, ta kawo cikon barkono, ta zo taya hira daidai lokacin kwaɓa ƙullu. Zuliha takan karɓi turaren ta yi godiya, ta rufe robar ƙullu da faifai, ta zauna a kai.

Zuwan Zuliha ya zama zuwan labo ga Sallaou, domin ta zo da ɗabi'ar sayen kayan kicin. Injin markaɗenta ya fara ara, ya ɗaura masa wani faifai mai ramuka, ya zama na'urar juya ƙananan kwalabe har mai nauyi ya kwanta a ƙasa. Tukunyarta mai huci, wadda muke ce wa kokot, ta zama ta kashe ƙwayoyin cuta a jikin kayan gwaji. Wani mataccen firigo ya sa masa ƙwan fitila ya zama akwatin ɗumi. Aikin na'urar nan ta Turai kuwa, ashe ba komai ba ne illa ɗumamawa da sanyayawa a kai a kai, sai ya jera tukwane uku na ruwa masu zafi daban-daban, yana tsoma kwalabe daga wannan zuwa waccan da hannu har kafaɗarsa ta riƙe. Rannan ya zauna a gaban taksina yana kallon injin share gilashi, ya tambaye ni yaushe rabon da a yi ruwan sama a Sabha. Na ce na manta. Ya ce to me nake yi da shi. Da yamma muka kwance shi, ya zama hannun da ke tsoma masa kwalabe.

Duk abin da ya ƙera sai ya zana shi dalla-dalla, ya rubuta bayani da Faransanci da Larabci da wani Turanci da shi kaɗai ke ji, ya sa a intanet kyauta. Mutane suka fara rubuto masa daga Bamako, daga Omdurman, har da wani malami daga Peru da ya aiko da hoton nasa injin markaɗen. Zuliha ba ta hana aron kayanta ba. Sharaɗinta ɗaya ne, abin da ya shiga labo kada ya dawo kicinta sai an tafasa shi, kuma duk abin da ya yi wa dashe kada ya kusanci abinci. Wannan sharaɗin ya kiyaye shi kamar salla.

Matsalarsa ita ce yis. Wanda masana suka aiko masa ɗan gata ne, da an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, zafin yankin Fezzan ya buge shi sai ya mutu. Wata safiya ta bazara yana jiran shayi a tsakar gida sai ya ga ƙullun matarsa na tashi yana tumbatsa, a cikin zafin da ko ƙuda ya nemi inuwa. Ya ɗauki cokali ya ɗiba ya zuba a kwalba. Zuliha na ƙofar gida tana sallamar masu saye. Bai tambaye ta ba. Daga baya ya ce mini ko a ransa bai kawo cewa abin tambaya ba ne, don cokali ɗaya ne, kuma robar ba ta ragu ba.

Yis ɗin ya yi abin da yake so, yana rayuwa a zafi kamar raƙumi. Sallaou ya rubuta maƙala a kansa, wata mujallar kimiyya ta buga, ita ce ta farko a rayuwarsa. A ƙarshenta ya sa cewa duk mai son irin, da shi da ƙwayoyin tsamin da ke zaune tare da shi, ya aiko a ba shi kyauta. Ya yi ta raba wa ɗalibai da baƙi. Mijin Saratou, Illia, shi ke ban ruwan shuke-shuken cibiyar. Ya ji ɗalibai na hirar, ya zo ya gaida Ustaz da ladabi, ya tambaya ko irinsu marasa karatu ma ana ba su. Sallaou ya ji daɗin tambayar ƙwarai. Ya cika masa kwalba, ya zaunar da shi ya koya masa yadda ake ciyar da ita da yadda ake rage ta gobe, har ya raka shi bakin ƙofa.

Ba a daɗe ba layin ƙofar gidanmu ya fara gajarta. Saratou ta ba ƙanwarta, ƙanwar ta ba maƙwabciyarta, kafin ka ce kwabo Gurda ta cika da masa mai taushi da ɗan tsami. Wani magini ne ya fasa ƙwan, ya ce wa Zuliha ba don ya guje ta ba ne, ta kusa da wurin aikinsa ma irin tata ce sak, masar Mushe ake ce mata. Zuliha ta ba ni kuɗi in sayo mata ta Saratou. Ta gutsura, ta tauna a hankali, ta ajiye sauran. Ta ce, “To.”

Da Sallaou ya dawo ta ba shi abinci, ta bari ya ƙoshi, sannan ta tambaye shi ko ya san yadda aka yi uwar ƙullunta ta je gidan Saratou. Fuskarsa ta washe. Ya ce ai ba gidan Saratou kaɗai ba, ta je Bamako, ta je Sudan, kuma yana sa ran za ta je Peru in wasiƙa ta isa. Ya ɗauko mujallar ya nuna mata.

“Malam, sunan wa ke nan a sama?” in ji ta.

“Nawa ne, Maman Ihsan.”

“Na Inna fa?”

Ya duba takardar kamar mai fatan sunan ya fito da kansa. Sannan ya shiga yi mata bayanin cewa ilimi ba kamar goro ba ne, in ka ba wani naka ba ya raguwa. Ta saurare shi har ya gama, ta kwashe kwanuka.

Washegari da hantsi ta yafa mayafi ta ce in kai ta cibiya. Mun tarar yana tsakiyar darasi, ɗalibai sun kewaye injin markaɗe yana juyi. Ta yi sallama, ta gaida kowa da ɗan Larabcinta, ta cire wayar injin daga bango, ta sauke masa kwalabensa a kan tebur ɗaya bayan ɗaya a hankali. Ta ɗauki kokot, ta ɗauki tukwane uku bayan ta zubar da ruwan a gindin wata shuka, ta ɗauki matankaɗi da ludayi da wani zanen da ya yi labule da shi. Ni na yi ta jida zuwa mota ina kallon ƙasa. Ɗalibai suka yi tsuru-tsuru. Abin da ya rage a labon shi ne mataccen firigo, da injin share gilashina yana ta kai da kawo a iska ba abin tsomawa.

Na ɗauka an gama, ashe somin taɓi ne. Zuliha ta karɓi aƙidar mijinta hannu bibbiyu. Wani almajirin tela ya zo aron rediyon Mushe, ta ce ya riƙe. Mai gyaran takalmi ya yaba kekensa, ta ce ya hau ya tafi. Ranar Juma'a muna fitowa masallaci sai ga Illia sanye da kwat ɗin Sallaou, wanda ya ɗinka musamman don ranar da zai kare digirinsa na uku, hannuwan sun rufe masa yatsu. Illia ya zo ya yi godiya, ya ce Allah ya saka wa gidan nan, ba su san rowa ba. Sallaou ya amsa da amin.

A gida ya gwada nuna mata bambanci. Ya ce kwat in ya tafi ya tafi, amma ita ga uwar ƙullunta nan a roba ba abin da ya same ta.

“Uwar ƙullu tana nan,” in ji Zuliha. “Masu saye ne suka tafi. Su ma in ka ba wani ba sa raguwa?”

Wannan tambayar ta zauna masa. Kwanaki yana shiga taksi ba ya magana, abin da ban taɓa gani ba. Ba kwat ɗin ne ya dame shi ba. Ya ce mini shekaru yana zagin kamfanin da ya kulle na'ura ya hana shi abin da aka saya, ga shi shi ma ya ɗauki abin mutum ya yi yadda ya ga dama da shi, bambancin kawai shi da fara'a ya yi. Amma ya kasa zuwa ya faɗa mata haka, sai ya riƙa zagaye yana kawo misalai, ita kuma tana ci gaba da kyauta. Ranar da ta fara duban jakar fatarsa ne na je na sami Haj Salah.

Dattijon ya tara mu a tsakar gidansa bayan la'asar. Ya dafa shayi irin nasu mai kumfa, bai bari kowa ya yi magana ba sai da aka sha zagaye na farko. Ya saurari Zuliha, wadda ta gama nata a taƙaice. Ya saurari Sallaou har shayi na biyu ya huce. Sannan ya yanke hukunci da Hausarsa.

“Kai Sallaou, kai ba mutane abu, shi kyau. Amma abu na Zuliha ne. Kai ɓarawo ƙarami. Kai Zuliha, kai ba mutane keke na Sallaou. Kai ɓarawo babba, amma kai da gaskiya.”

Aka yi sulhu a kan abu uku. Zuliha za ta mayar da kayan labo ta kuma daina kyauta da kayan miji. Sallaou zai rubuta wa mujallar a gyara, a sa sunanta da na mahaifiyarta. Na ukun ita ta kawo shi: zai ƙera mata wani abu na sana'arta, kuma ba zai zana shi ba, ba zai sa a intanet ba, ba zai faɗa wa kowa yadda aka yi ba, sai ranar da ta ba shi izini. Sallaou ya nemi a sassauta wannan, Haj Salah ya ce a sha shayi na uku.

Ya ƙera mata tanda mai aiki da gas, mai ramuka da yawa, da wata dabara da ke sa wutar ta rage kanta in ƙarfen ya yi zafi, ta yadda masa ba ta ƙonewa ko mai suya ta juya baya. Abin ya yi kyau ƙwarai, kuma wannan ne azabarsa. Mutane kan tsaya su tambaye shi yadda aka yi, sai ka ga ya dubi matarsa, ya ce sai dai a tambayi mai ita. Sau da dama a taksi yakan fara, “Ka ga Rabe, wani ɗan ƙarfe ne da in ya ji zafi…” sai ya kama bakinsa ya juya yana kallon titi. Har rama ya yi.

Masu saye ba su dawo duka ba, don masar Saratou ta riga ta yi kyau kuma ta ci gaba da kyau. Sai dai Zuliha ta fi kowa saurin sallama, ta kuma fara zuba wa Larabawa rub, wato zumar dabino, a kan tasu, abin da ya jawo mata motoci daga Hajara. Da mujalla ta iso da gyara, ta sa Ihsan ta karanta mata sunan Inna, ta sake sa ta ta karanta, ta ɗauki mujallar ta sa a ƙasan akwatinta. Kekensa ya dawo. Rediyo bai dawo ba. Kwat kuwa Illia ya riga ya kai an rage masa hannu. Bayan azumi ya zagayo, wata safiya tana juya masa ta ce masa, ba tare da ta ɗago ba, in yana so ya zana tandar. Bai ƙarasa shayinsa ba ya tafi shagon intanet. Tun daga nan kuma duk zanen da ya fitar akwai layi a ƙasa mai cewa kafin ka raba abu, ka tabbata ka tambayi mai shi.

Jan yis ɗin da ya ba rayuwarsa kuwa, ya samu, har ya wuce gona da iri. In aka ɗiga masa ruwa mara kyau sai ya yi ja. In aka ɗiga masa mai kyau, ya yi ja. Ya gwada shi da ruwan kwalba na shago da shayin mudir, duk ja. Wani zai ɓoye, shi kuwa ya rubuta komai yadda ya faru ya fitar, har da hotuna. Wata malama a Dakar ta karanta, ta gano inda dashen ya karkace, ta gyara, nata ya yi aiki. Ranar da labarin ya zo ya saya wa duk gidan lemo, yana ta murna kamar shi ya ci. Na tambaye shi ko ba ya jin haushi wata ta ƙarasa. Ya ce da ya ɓoye, da har yanzu shayin mudir yake gwadawa.

Digirin na uku ya yi rajistarsa ne da wata jami'a ta Sudan, ya yi ta jan shi shekara da shekaru har furfura ta fito masa. Aka yi sa'a an shirya wani taron masana kimiyya na Afirka a Sabha, irin tarukan da ake yawan yi a lokacin, da tutoci da taswirar nahiya a kowane bango. Malamansa uku suna cikin baƙin, sai aka ce a yi jarrabawar a cibiya a huta. Ya sa babbar riga ta aro. Ya yi bayani, suka yi tambayoyi, sannan babbansu, wani farfesa mai jiki, ya ce shi bai yarda injin markaɗe da tukwane na yin abin da aka rubuta ba sai ya gani. Sallaou ya kai hannu zai kunna ke nan aka ɗauke kuran.

Ya leƙo ta taga ya kira ni. Na kwance batirin taksi na shigo da shi a kafaɗa, ya haɗa wayoyinsa da wani akwatin da ya ƙera don irin wannan rana, komai ya tashi. Farfesan ya ja kujera ya zauna gaban tukwanen yana kallo, yana tambaya, yana sa a maimaita, har rana ta karkata. Da suka fito daga shawara suka ce ya zama Dakta, Zuliha ta yi guɗa ɗaya gajeriya ta koma ta zauna.

Na mayar da batir, na murɗa makulli, mota ta yi tari ta yi shiru. Sun shanye shi tas. Motar da za ta mayar da baƙi masauki ba ta zo ba, cibiya kuma bayan gari take. Haka sabon Dakta ya naɗe babbar riga a kafaɗa, farfesa ya tuɓe kwat ya ba Zuliha ta riƙe, su da sauran malaman biyu suka tura taksina a kan titi, ni ina ciki ina ce musu su ƙara ƙarfi. Sai da muka kusa gidan mai ta kama.

Shekarar da ta biyo baya ƙasar ta rikice, kowa ya nemi hanyar gida. Su suka riga ni fita. Yanzu yana koyarwa a Maraɗi, ɗalibansa na yawo kasuwar 'yan gwangwan suna neman matattun injuna, an ce har masu shagunan sun san su sun ƙara farashi. Zuliha ta bar suya saboda ciwon gwiwa, tana sayar da atamfa a gida. Ni ina Agadas. Yakan kira ni a waya lokaci-lokaci, mu gaisa a gurguje, sannan ya shiga ba ni labarin wata ƙwayar halitta da ke cin leda, wadda yake ganin in an yi mata ɗan gyara za ta share kwatocin Maraɗi. Ba na gane rabin abin da yake faɗa. Nakan ajiye wayar a kan sitiyari in ci gaba da tuƙi, in ce “haka ne” jefi-jefi, har katinsa ya ƙare.